Lanƙwasa Ɗaya

Su huɗu ne masu tukwane a Mirriya,
ni nawa baki ne da tsohon babur.
Cima ke jiƙa tsamiya tun kafin assalatu,
Harira zobo, ja wur kamar ya yi fushi,
Baba Illo na dama ƙwamen kuka,
sai Gwaggo Tamadi mai ruwan goriba,
wadda ke juya baya in za ta zuba citta
don kada wani ya ƙirga.

Shekara tara suna ƙulli a leda,
dala biyar-biyar a bakin lakwal.
Na ce abin da ba shi da suna
ba ya wuce ƙofar gari.
Suka ce, to raɗa masa.
Na ara masa tsohon sunan ƙasarmu:
Tsotse Baki.

Jikka sha biyu muka tara, har da kuɗin akuyar Harira.
Na kai wa mai buga takarda a Zango.
Kwana uku na koma:
dubu cif, kore da ruwan goro,
ga kuka, ga lambar wayata,
ga suna da manyan haruffa,
sai dai yaron shago ya ɗora wa harafi ɗaya ƙaho.
TSOTSE BAƘI.
Ya ce shi a ganinsa haka Hausa ta fi kyau.
Maigidansa ya tafi Maraɗi,
kuɗinmu sun bi shi.

Na liƙa su haka nan, hannuna na kunya.

Alhamis, Kasuwar Dole.
A damata motar lemun kamfani,
da laimarta, da firjinta, da bango guda da aka fente mata.
Ni da kula shuɗiya mai tsagaggen murfi,
ƙanƙara na kuka a ciki tun hantsi.
Na yi kira har maƙogwaro ya bushe,
ban sha ba, don kowace kwalba an ƙirga ta.

Wajen azahar wani dattijo mai tabarau ya tsaya,
ya karanta a hankali, ya sake karantawa.
Ya ce, yaro, ni baƙo ne, daga Gure nake,
yanzu tsotse ni za ku yi?
Na ce, Baba, sha ka ga wa zai tsotsi wa.
Ya sha.
Ya yi shiru irin na mai tuna gidan kakarsa.
Sannan ya lashe leɓe, ya sayi uku,
ya ɗauki hoton kwalbar da waya.
Kafin la'asar teloli sun aiko,
kafin magariba kula ta koma ruwa da leda.

Kada in yi ƙarya, ba kullum ba ne.
Mai kanti ɗaya ya ce ina takardar gwaji, ina ranar lalacewa.
Wuta ta ɗauke kwana biyu,
kwalba arba'in na kuka suka kumbura,
Baba Illo ya yi mako bai amsa gaisuwata ba.
Kuɗin sanarwa a rediyo har yau ban biya saura ba.
Amma an yi suna a Birni,
aka ce ɗari biyu, kuma a kawo mai ƙahon nan.

Jiya mai bugawa ya dawo, ya ce zai gyara kyauta.
Gwaggo Tamadi ta ce a bar wa sa ƙahonsa.
Na fara baza baki, ina faɗin dabarar talla,
Cima na wanke kwalaben da aka maido,
ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, dariya sau ɗaya take kawo mutum.
Ƙirga waɗannan,
ka gaya mini wa ya dawo da su.

Na ƙirga. Sittin da bakwai.
Rabi suna warin tsamiya.